Jar Fatar Sakkwato da Sunan Aro

Mai karatu, tsohuwar gafaka ce ta ja ni cikin wannan labari. Ta marigayi mahaifina ce, a cikinta yake ajiye Alƙur'aninsa na warƙa, kuma ita kaɗai na roƙa a ba ni ranar rabon gado. Na taho da ita Ingila, ta shekara goma sha a kan kanta, har ran nan na ɗauko ta, igiyar ratayawa ta tsinke a hannuna. Na zaga neman mai gyara, kuɗin da aka faɗa mini ya isa sayen rago biyu a gida. Sai na ce to, bari in koya da kaina. Haka na tsinci kaina duk daren Alhamis a wani ɗan zaure, cikin Turawa masu aikin fata don sha'awa: wani tsohon ma'aikacin gidan waya mai ɗinka walat, wata nas mai yi wa karnuka abin wuya, sai wata dattijuwa da ta ƙare rayuwarta tana yi wa littattafai bango.

Dattijuwar nan ce ta juya gafakata, ta shinshina, ta tambaye ni daga ina nake. Da na ce Kano, ba ta ce komai ba. Mako na zagayowa sai ga ta da wata jar fata a naɗe cikin takarda, tana riƙe da ita kamar jinjiri. Tun kafin ta gama warwarewa ƙanshin bagaruwa ya buge ni. Ta ce su a sana'arsu “Neja” suke ce mata, ba su da fatar da ta fi ta, kuma mai kyau irin wannan yanzu sai an tona. Sannan ta ce, “To kai da ka fito daga can, gaya mana yadda ake jeme ta.” Wallahi, mai karatu, ban sani ba. Ni kuwa jikan baduku ne.

Kakana na wajen uwa dukanci ya yi har idonsa ya daina gani. Ina yaro ina ɗan makarantar boko, in an tambaye ni sana'arsa sai in ce ɗan kasuwa ne. Ka san yadda muke: muna son takalmin, muna son layar, amma majemi da baduku ba su ne ake fara gaisarwa a taro ba. Kunyar daren Alhamis ɗin nan ita ta tura ni karatu da buga waya gida, ga kuma abin da na samo.

Sana'ar ta tsufa. Alhasan Alwazzan, matafiyin nan da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa a kan Afirka a 1550, ya ambaci ƙasar Gobir da masu ɗinkin takalma waɗanda ake kai hajarsu har Tambutu da Gawo. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 aka kuma kafa Kasuwar Kurmi a lokacinsa, fatake ke haɗuwa a Kano daga arewa da yamma. Har gobe akwai unguwa a cikin birni mai suna Dukawa, kuma in ka bi ta Ƙofar Wambai hancinka zai gaya maka majema na kusa.

A 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano ya yi ta ƙididdigar kasuwa. Bayan tufafin rini, ya lissafa takalma cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa, ya kimanta cinikinsu da wuri miliyan 10 a shekara. Ya kuma ambaci ƙilabo da jajayen fatu da ake rinawa da ruwan karan wata irin dawa, ana kai su har Tarabulus. Ka tsaya ka hango hanyar: daga Kano zuwa Damagaram, zuwa Agadas, a ratsa Azbin, a bi ta Gat da Gadamas, wata da watanni a bayan raƙumi kafin a ga teku.

A bakin tekun nan ne sunanmu ya faɗi. Bature ya saya a hannun ɗan Arewacin Afirka, a wurinsa kuwa duk jemammiyar fatar akuya mai kyau “maroko” ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma bari in ja maka kunne a nan, don na sha jin 'yan'uwa suna cewa duk fatar Maroko tamu ce. Ba haka ba ne. Mutanen Fas da Marrakesh suna da majemunsu tun tale-tale, kuma gwanaye ne. Gaskiyar ita ce wani kaso na abin da ya shiga Turai da wannan suna daga ƙasar Hausa ya fito, daga bayan jar akuyar Sakkwato, wadda a ƙetaren iyaka ake ce wa jar akuyar Maraɗi. Wannan ma ya ishe mu alfahari, ba sai mun ƙara gishiri ba.

To me ya sa fatar ta yi fice? Rabi daga akuyar ne: fatarta na da ƙarfi, ba ta da kitse da yawa, fuskarta na da ƙananan ƙwayoyi masu kyan gani. Ɗaya rabin daga hannun majemi ne. Kawuna, wanda ya tashi a gaban kakana, shi ya jero mini aikin a waya yana dariya wai sai da na je Turai na san darajar wari. Ana jiƙa fata ta yi laushi, a tsoma ta a ruwan toka har gashi ya saki. A shimfiɗa ta a kan icce a bi ta da kartaji, a kankare gashi ta waje da ragowar nama ta ciki. Daga nan a sa ta a ruwan kashin kaji ko na tattabara, wasu kuma su yi amfani da ganyen fataka, don ta saki jiki. Sai babban aiki: a daka 'ya'yan bagaruwa, a jiƙa a kwatarniya, a zuba fata ana juyawa ana murzawa har ruwan ya ratsa ta ciki da bai. A wanke, a shafe ta da man gyaɗa, a yi ta ja ana miƙarwa har ta yi taushi.

Launi kuma aikin ilimi ne, ko da ba a kira shi haka ba. Ja daga karan dafi, a daka a haɗa da kanwa. Rawaya daga saiwar rawaya. Baƙi daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera ko tsohon ƙarfe a bar shi ya yi tsami. Ka san abin da ya ba ni dariya? Tsohon ma'aikacin gidan wayan nan ya taɓa nuna mana wata “dabara” da ya gano: ya jiƙa soson ƙarfe a ruwan khal, ya shafa wa fata, nan take ta koma baƙa ƙirin. Kowa na ta mamaki. Ai kuloko ne. Ƙarfe ne ke haɗuwa da sinadarin bagaruwa da ke cikin fatar, baƙin ya fito daga cikinta, shi ya sa ba ya goguwa.

Yanzu ga inda labarin ya juya. A ƙarni na 19, manyan ɗakunan karatu na Ingila suka lura bangon littattafansu na ruɓewa, in ka taɓa sai ya zama jan gari a yatsa. Abin haushi, littattafan da aka ɗaure shekara ɗari uku baya suna nan garau, na jiya-jiya ne ke marmashewa. Wata ƙungiyar masana ta Landan, Society of Arts, ta kafa kwamiti, ya fitar da rahoto a 1901. Cikin abubuwan da ya ɗora wa laifi akwai ruwan asid mai ƙarfi da masana'antu ke sa wa fata don ta yi haske ta karɓi rini da sauri, da hayaƙin fitilun gas, da kuma fere fata har ta yi siriri fiye da kima. A wannan shekarar ce Douglas Cockerell, ɗaya daga cikin manyan masu ɗaure littafi na zamaninsa, ya fitar da littafinsa na koyar da sana'ar, inda ya nuna cewa fatar da ta fi yi masa amfani ita ce ta akuyar da Kamfanin Royal Niger ke kawowa daga Afirka. Wato abin da injinan Ingila suka ɓata da gaggawa, majemin da ke tsugune gaban kwatarniya bai ɓata ba, don shi bagaruwa da toka da haƙuri kawai ya sani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga nan sunan ya sauya daga “maroko” zuwa “Neja”. Ka lura, har yanzu ba sunan Sakkwato ko Kano ba ne, sunan kogi ne da kamfani. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya kudu zuwa Ikko, ayarin raƙuma ya yi ta ja da baya. Kamfanonin Turawa suka fi son ɗanyar fata busasshiya su kai gida su jeme da kansu. Ga kuma jima da sinadarin kurom, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1884, mai gama aiki cikin ɗan lokaci. Ita ce daga baya ta cika masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Sai takalmin roba ya zo ya ƙarasa abin da ya rage na kasuwar baduku. Ƙirgi kuwa, da yawansa yanzu tukunya yake shiga a matsayin ganda.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kayan aiki. Abokan zaurena kowa da akwatinsa: wuƙaƙe kala-kala, ƙarafan huda masu haƙora kamar mataji, guduma ta musamman, zare mai kakin zuma, har da katakon da ke riƙe fata a tsakanin gwiwoyi. Wani ya kashe abin da ya fi albashin wata. Kakana kuwa, in na rufe ido ina ganin abin da ke gabansa a kan buzu: basilla biyu ko uku, aska, almakashi, dutsen wasa wuƙa, guntun katako, da wani sulɓaɓɓen dutse na goge fata. Zarensa ma sau da yawa siririyar fata ce da ya yanka da kansa. Da waɗannan ya yi kube da zabira da linzami da tumtum, da ita wannan gafaka da ta kai shekara sittin.

In kana cikin masu son gwada wannan aiki, ga kaɗan daga abin da na koya, rabi daga Kawu, rabi daga dattijuwar. Kada ka fara da sayen kaya. Wuƙa ɗaya mai kaifi da basilla ɗaya sun isa, amma ka koyi wasa su kafin ka koyi yanka, don dakusasshiyar wuƙa ita ke yanka yatsa. Ka huda kafin ka ɗinka, kuma ka ɗinka da allura biyu suna gicciye a rami ɗaya, ta yadda in zare ɗaya ya tsinke ɗayan zai riƙe. Kada ka ɗora jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa a kan ƙarfe, za ta yi baƙin tabon da ba ya fita. Na yi asarar rabin fata kafin in gane. Mai kuma kaɗan-kaɗan ake shafawa, in ya yi yawa ba ya dawowa.

Wata shawarar kuma ta kowa ce, ko da ba ka taɓa riƙe basilla ba. Tun ran gini ran zane: kyan fata daga ranar fiɗa yake farawa. In layya ta zo, ka gaya wa mai fiɗa ya rage wuƙa ya yi aiki da dunƙulen hannu, don duk inda bakin wuƙa ya taɓa, nan fatar za ta yage a hannun majemi. A sa mata gishiri ko a shanya ta a inuwa, kada a yar da ita a ƙasa cikin rana. Kuma in kana da tsoho a gida wanda ya san jima ko dukanci, ka zauna da shi da wayarka ka naɗi bayaninsa, ka tambaye shi sunan kowane ƙarfe da ke gabansa. Kawuna ya ce cikin 'ya'yansa da jikokinsa babu wanda ya iya haɗa kuloko. Turawa sun rubuta yadda ake amfani da fatarmu tun 1901. Yadda ake yin ta kuwa yana cikin kawunan mutanen da ke ta raguwa.

Bara wani ɗan'uwa ya taho mini da saƙo daga Kawu a ƙunshe cikin tsumma: basillar kakana, ƙotarta ta yi sulɓi da gumin hannu, da jar fata guda daga Ƙofar Wambai. Da su na yi wa gafakar sabuwar igiya. Ɗinkina ya karkace a wuri biyu, kusa da nasa abin kunya ne. Na kai zaure na nuna, dattijuwar ta karɓi basillar ta juya ta, ta tambaye ni ta wane ne. Na ce ta kakana ce, baduku ne a Kano. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.