Akwatin Ogzilari a Tsofaffin Motoci Masu Jan Taya Huɗu

Akwatin ogzilari wani ƙaramin giyabos ne da ke manne a bayan babban giyabos na motar da ke jan taya huɗu. Aikinsa biyu ne: yana raba ƙarfin inji tsakanin farfelar gaba da ta baya, kuma yana ba direba ƙaramar giya, wadda ke rage gudu ta ƙara ƙarfin ja. A Jihar Zamfara ya fi amfani da damina, daga Yuni zuwa Satumba, domin babbar kwaltar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu zuwa Sakkwato ba ta kai ga yawancin ƙauyuka ba. Da an sauka daga kanta sai burji, sai taɓon fadama da yashin rafukan da ke zuba a Gulbin Sakkwato.

Motocin da aka fi kawowa gareji da larurar akwatin ogzilari su ne Toyota Hilux, wadda aka fara yi wa samfurin taya huɗu a 1979, da Land Cruiser, sai tsofaffin Land Rover, waɗanda kamfanin Leyland ya taɓa harhaɗawa a Ibadan. Akwatunansu ba iri ɗaya ba ne. Na tsohuwar Hilux haƙoran ƙarfe ne zalla, kuma a ƙaramar giya sandar da ta fito daga giyabos na juyawa sau 2.28 kafin farfela ta juya sau ɗaya. Na baya-bayan nan da yawa sarƙa suke amfani da ita. Na Land Rover Defender, wato LT230, yana jan tayoyi huɗu a kullum, ƙaramar giyarsa kuma 3.32 ce.

Ba kasafai aikin ƙarfi ke kashe akwatin ba. Rashin mai ne ya fi kashe shi. Yawancin masu mota kan kula da man inji su mance da man ogzilari shekara da shekaru, alhali yana zurara ta sil ɗin farfela. A tsofaffin Land Cruiser akwai wata matsala sananniya: idan sil ɗin da ke tsakanin giyabos da ogzilari ya mutu, man ogzilari kan haura zuwa giyabos, sai ɗaya ya cika ya batse, ɗayan ya bushe, ba tare da an ga ko ɗigo a ƙasa ba. Ruwa ma na ɓarna. Akwatin da ya yi zafi, in aka tsunduma shi cikin rafi, yakan huce nan take ya zuƙo ruwa ta kafar shan iska, man ya koma fari kamar nono, boris ya fara tsatsa. Sai kuma sakaci: akwatin Hilux ba shi da abin da ke daidaita bambancin juyin gaba da baya, don haka direban da ya fito daga ƙauye ya hau kwalta bai cire ogzilari ba yana murɗe haƙora da sarƙa a kowace kwana. Tayoyin da girmansu ya bambanta haka suke yi.

Alamomin lalacewa su ne kuka mai ƙaruwa da gudu, da ƙaran bugu idan an ɗaga ƙafa daga totur, da sandar giya mai fita da kanta.

Gyara yana farawa ne da zubar da man a faranti mai tsabta a duba shi. Garin ƙarfe mai laushi ba abin tsoro ba ne. Gutsattsari kuwa shaida ce cewa haƙori ko boris ya karye. Kafin a kwance farfela akan yi mata alama don ta koma yadda take, in ba haka ba mota na iya kama rawa. Bayan an sauke akwatin a buɗe shi, a jera kayan bisa tsarin fitowarsu, a wanke da kananzir. Wannan jeri ba ƙawa ba ne: washa ɗaya da ta koma a juye ta isa ta cinye sabon boris. Ana duba haƙora, da cokulan canja giya, da tsagogin da sandar giyabos ke shiga, waɗanda a tsofaffin LT230 kan gwaigwaye saboda mai bai kai musu sosai. Sarƙar da ta saki ba ta gyaruwa, sai canji. Boris da sil da gaskit kuwa ana sabunta su gaba ɗaya, domin kuɗinsu bai kai wahalar sake sauke akwatin ba.

Wurin da ake gane gwanin bakanike shi ne ɗaurin boris. Boris mai tsini yana buƙatar matsi daidai gwargwado, wanda ake samu da siraran washoshin ƙarfe ko da ɗaurin noti bisa ma'aunin da littafin motar ya ba da. In ya yi sako-sako sanda ta yi lilo ta yaga sil, in ya matse ya yi zafi ya ƙone. A garejoji da yawa da hannu ake kintata wannan, kuma nan ne galibin gyaran ke warwarewa. Haka nan, in tsohon sil ya yi wa bakin farfela zobe, sabo ma zai yi yoyo. Ana rufewa da man giya mai lamba 75W-90 ko 80W-90, sai dai wasu akwatunan sarƙa na wasu kamfanoni sun fi son mai marar kauri.

Kayan da ba a samu a shagunan Gusau ba akan aika a sayo su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, wani lokaci har Ladipo a Legas. Masu mota da dama sun fi son sayen akwati ɗan Kwatano sukutum, don ya fi sauri. Sai dai ba a san cikinsa ba, kuma dole a tabbatar yawan haƙoransa da tsagoginsa sun dace da giyabos ɗin motar kafin a biya kuɗi.