Kwaɗon Alassane da Kwamfutar Amurka

Mai karatu, a 1946 da Amurka ta nuna wa duniya kwamfutar ENIAC, nauyinta ya kai kusan tan 30, ta cika ɗaki guda, kuma don lissafin harba igwa aka ƙera ta. Wa zai ce jikokinta za su yi wa yara tatsuniya? Sai a 1995 kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story, dogon fim na farko da aka zana dukkansa da kwamfuta.

Amma tun 1966, wani ɗan Nijar, Moustapha Alassane, ya zana Bon Voyage Sim da hannunsa: kwaɗo ne shugaban ƙasa, ana ta yi masa fareti. Yaro ya yi dariyar kwaɗon, babba ya gane inda aka dosa, kamar dai labarin Gizo da Ƙoƙi.

Toy Story ma labarinsa ne ya riƙe yara: tsohon abin wasa yana kishin sabo, kishin da duk wanda aka yi wa ƙane ya sani.

Yau wayar da ke aljihun matashin Zuru ta fi ENIAC ƙarfi nesa ba kusa ba. Kayan aiki sun samu. Saura wanda zai zana wa yaranmu labarinsu da Hausa da Dakarci.