Adaidaita Sahu da motoci a kan titi ɗaya

Adaidaita Sahu babur ne mai ƙafa uku da rumfa wanda ake haya da shi a birane da garuruwan arewacin Najeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar. Yana cikin rukunin ƙananan ababen hawa marasa gudu da ke bin titi ɗaya da ƙananan motoci, da bas-bas, da tireloli. Saboda ya fi mota rashin nauyi da rashin gudu, kuma ba shi da ƙofa ko bel ɗin ɗaure fasinja, yadda yake cuɗanya da motoci ya zama ɗaya daga cikin batutuwan kiyaye haɗurra a Kano da Sakkwato da Katsina da Zariya da Maraɗi, har ma da garuruwan karkara irin su Tambuwal da Jabo da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato. Makamanciyar wannan matsala tana nan a Amurka, inda ƙananan motocin filin wasan golf suke fita kan titunan unguwa tare da motoci.

Sunaye

Sunan da ya fi yaɗuwa a Najeriya shi ne Keke Napep, ko Keke a taƙaice. A Kano ana ce masa Adaidaita Sahu, kuma wannan suna ya tsallaka har Maraɗi da Damagaram. A Sakkwato akwai masu kiransa Agwagwa da Buje. A Legas an san shi da Keke Marwa.

Tarihi

Asalin wannan abin hawa yana komawa ga Piaggio Ape, wanda kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara fitarwa a shekarar 1948 domin ɗaukar kaya. Daga baya ƙasar Indiya ta zama cibiyar ƙera shi, kuma yawancin waɗanda ke yawo a Najeriya a yau ƙirar kamfanonin Bajaj da TVS ne na Indiya.

A Najeriya an fara haya da shi sosai a Legas zamanin da Muhammad Buba Marwa yake mulkin jihar, daga 1996 zuwa 1999. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, ta raba kekunan ga matasa, daga nan sunan Keke Napep ya samo asali.

A Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu a 2004. A 2005 aka kawo babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, don su daina hawa acaɓa a bayan maza, sai jama'a suka laƙaba wa baburan sunan shirin. Yawansu ya ƙaru ƙwarai bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a ranar 19 ga Janairun 2013, domin 'yan kwanaki bayan haka gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur mai ƙafa biyu a cikin birnin da kewayensa. 'Yan acaɓa da yawa sun koma tuƙa Adaidaita Sahu, suka shigo da salon tuƙin babur, wato kutsawa ta kowace kafa, cikin abin hawan da ya fi babur faɗi.

Bambancinsa da mota

Injin Adaidaita Sahu bai wuce kimanin cc 200 ba, iyakar gudunsa kuma kusan kilomita 60 zuwa 65 ne a sa'a, ya kan ragu idan an cika shi da lodi. Nauyinsa babu kowa a ciki bai cika wuce kilo 400 ba, alhali ƙaramar mota irin Corolla ta haura kilo 1,200, tirela mai kaya kuwa tana kai tan 30 ko fiye. An ƙera shi ne domin direba ɗaya a gaba da fasinja uku a baya.

Wannan bambanci na nauyi shi ne ke sa idan an yi karo ɓarnar ta fi faɗawa kan Adaidaita Sahu. Idan abu biyu suka gwabza, wanda ya fi rashin nauyi shi ne gudunsa ke sauyawa farat ɗaya: idan mota ta ninka keken sau uku a nauyi, sauyin gudun da mutanen cikin keken za su ji ya ninka na mutanen cikin motar sau uku. Ga shi babu ƙofa, babu bel, babu jakar iska, don haka fasinja kan faɗo waje.

Taya ɗaya da ke gaba ma tana da nata hatsarin. Abin hawa mai ƙafa uku ya fi mai ƙafa huɗu saurin kifewa idan aka sha kwana da gudu, ko aka taka birki ana tsakiyar kwana, ko taya ɗaya ta faɗa rami. Ɗora buhuna a saman rumfa yana ƙara wannan hatsari domin nauyin ya koma sama. Zaman fasinja a gefen direba kuma yana hana shi juya kan keken yadda ya kamata.

Inda haɗari ya fi aukuwa

A cikin gari, haɗari tsakanin Adaidaita Sahu da mota ya fi faruwa a wurare kaɗan da aka sani. Na farko shi ne tsayawar ba-zata: direba ya hango fasinja ya yanko zuwa gefen titi ba tare da sigina ba, motar da ke bayansa ta daka shi. Na biyu shi ne komawa kan titi bayan sauke fasinja ba tare da duba madubi ba. Na uku shi ne juyawa a tsakiyar titi ko bin hannun da ba nasa ba don taƙaita tafiya. Sai kuma mahaɗar tituna da shataletale, inda keken kan shiga gefen babbar mota, wurin da direbanta ba ya gani ta madubi, musamman ɓangaren dama idan tirela za ta sha kwana.

Yanayin sana'ar ma yana da hannu. Direbobi da yawa ba nasu ba ne keken, suna kai wa mai shi balas kullum ko duk mako, wasu kuma suna biya ne kaɗan-kaɗan har ya zama nasu. Wannan kan sa gaggawa, da tsere don riga wani ɗaukar fasinja, da tuƙi na sa'o'i masu yawa ba hutu.

A hanyoyin karkara

A wajen birni matsalar ta fi ta'allaƙa da tazarar gudu. Babbar hanyar tarayya ta A1, wadda ta taso daga Legas ta ƙare a Illela a bakin iyakar Nijar, ta ratsa Jega da Tambuwal da Shagari da Bodinga kafin ta shiga Sakkwato. Mutanen Jabo da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Tambuwal, da na ƙaramar hukumar Kebbe da ke maƙwabtaka da ita, suna hawa wannan hanya idan za su Sakkwato ko Jega. A kanta ne tireloli da tankokin mai da motocin haya ke haɗuwa da 'yan kabu-kabu, da babura masu ƙafa uku na fasinja da na kaya, da amalanken shanu, da jakuna da raƙuma, musamman ranakun kasuwa da lokacin kaka da ake kwaso amfanin gona.

Ƙaramin lissafi yana nuna girman hatsarin. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma tana buƙatar fiye da mita 50 kafin ta tsaya cak a busasshiyar kwalta. Idan Adaidaita Sahu na gabanta yana gudun kilomita 40, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 11 a daƙiƙa, wato direban da ya hango shi daga mita 55 yana da daƙiƙa biyar kacal. Idan amalanke ne, wanda tafiyarsa ba ta wuce ta mai tafiya a ƙafa ba, lokacin bai kai daƙiƙa uku ba. Da daddare, ko lokacin hazon hunturu tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ko cikin ruwan sama, abin hawan da ba shi da fitilar baya ba a ganinsa sai an zo dab da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babura. Ta kuma nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 na matsakaicin gudu yana ƙara hatsarin haɗarin da ake rasa rai da kashi 4 cikin 100, sannan mai waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari.

Dokoki da hukumomi

Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka ƙa'ida ita ce abin hawa marar gudu ya riƙe dama, mai wucewa ya wuce ta hagu. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a watan Fabrairun 1988, kuma lambarta ta kiran gaggawa ita ce 122. Kundin ƙa'idojin hanya na ƙasa ya ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. Doka ta wajabta wa mai tuƙa babur mai ƙafa uku ya kai shekara 18, ya mallaki lasisin rukunin A, kuma keken ya kasance da lamba.

Jihohi ma suna da nasu matakan. A Kano, hukumar KAROTA ce ke yi wa kekunan rajista, kuma saɓani kan kuɗin haraji da na rajista ya jawo yajin aikin direbobi a Fabrairun 2021 da Janairun 2022. A Yulin 2022 gwamnatin jihar ta hana su zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro. A ƙarshen Nuwamban shekarar ta sanar da hana su bin wasu manyan tituna, amma ta janye bayan koken jama'a. Jihar Legas ta hana su bin manyan hanyoyi da gadoji da wasu ƙananan hukumomi daga ranar 1 ga Fabrairun 2020, a Abuja kuma an taƙaita su ga unguwanni da garuruwan kewaye.

Misalin motocin golf a Amurka

Motar golf ƙarama ce mai ƙafa huɗu, yawanci mai aiki da batir, wadda aka ƙera domin ɗaukar 'yan wasa a fili. Alhazai sun san irinta a Masallacin Harami, inda ake ɗaukar tsofaffi da marasa ƙarfi. A wasu garuruwan Amurka ta zama abin hawan zuwa kanti da makaranta. A 1998 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar ta ware rukunin ababen hawa marasa gudu, masu cin mil 20 zuwa 25 a sa'a, wato kilomita 32 zuwa 40, ta wajabta musu fitilun gaba da na baya, da sigina, da madubi, da gilashin gaba, da bel. Yawancin jihohi ba sa barin su hawa titin da iyakar gudunsa ta wuce mil 35, kimanin kilomita 56 a sa'a. Garin Peachtree City da ke Jihar Jojiya ya shimfiɗa musu hanyoyinsu daban masu tsawon kusan kilomita 160. Dabarun biyu, wato raba hanya da rage tazarar gudu, su ne ake tattaunawa a kansu game da Adaidaita Sahu.

Matakan kariya

Ga direban Adaidaita Sahu, ana so ya riƙe hannun dama, ya ba da sigina tun kafin ya tsaya ko ya tashi, ya sauka daga kan kwalta gaba ɗaya idan zai ɗauki fasinja. Ya rage gudu kafin ya shiga kwana, kada ya wuce fasinja uku, kada ya ɗora kaya a saman rumfa. Ya guji tsayawa a gefen tirela a mahaɗa, ya tabbatar birki da fitilun baya suna aiki, ya manna tef mai ƙyalli a bayan keken. Wannan tef ɗin yana da amfani ga amalanke ma.

Ga direban mota, ana so ya bar tazarar aƙalla daƙiƙa uku tsakaninsa da keken, domin yana iya tsayawa a kowane lokaci. Kada ya wuce shi a kwana, ko kan gada, ko inda kasuwa ta cinye gefen titi, kuma idan zai wuce ya ba shi fili sosai, domin iskar babbar mota kaɗai tana iya girgiza shi. Ya rage gudu tun kafin ya shiga gari, ya rage hasken fitila idan wani na tahowa.

Ga fasinja, ya fi aminci ya hau kuma ya sauka ta ɓangaren dama, wanda ba ya kallon titi. A zaunar da yara a tsakiya, a tattare gyale da hijabi da babbar riga kada su leƙa kusa da taya, kada kuma a fito da hannu ko ƙafa waje.

Ga hukumomi, matakan da aka saba ɗauka sun haɗa da ware wuraren tsayawa, da gyara kafaɗar titi don marasa gudu su samu inda za su raɓa, da sanya tudun rage gudu mai alama a mashigar garuruwa da gaban makarantu, da horar da direbobi ta hannun ƙungiyoyinsu.