Ƙiwa, Shaƙuwa da Sunan da Za a Ba Jinyar Wasa

Idan baƙo ya miƙa hannu zai ɗauki ɗan wata tara, yaron ya fashe da kuka ya cusa kai a zanen uwarsa, sai a ce yana da ƙiwa, uwa har haƙuri take bayarwa. Masana tarbiyya kuwa alheri suke gani: yaron ya san nasa, ya san wurin gudu. Wannan ita ce shaƙuwa, wadda likitan Ingila John Bowlby ya jawo hankali gare ta a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951.

A Maraɗi ko Jiratawa shaƙuwa ba ta tsaya ga uwa kaɗai ba. Ɗan fari uwa na kunyar kiran sunansa, ranar yaye a kai yaro gidan kaka, wani a ba gwaggo riƙo. Yaro ya shaƙu da mutane da yawa ba cuta ba ne. Abin dubawa shi ne wanda ba ya neman kowa in ya tsorata, da wanda ke bin kowane baƙo ba waiwaye. Na farko a ce miskili ne, na biyu a yaba masa rashin ƙiwa, sunayen su rufe damuwar.

Irin waɗannan yara ake yi wa jinya da zane, ginin laka, kiɗa da kwaikwayo, fannin da ya kafu a Amurka cikin shekarun 1970. Me za mu kira shi? In an ce magani, uwa ta jira ƙwaya ko allura. In an ce warkarwa da kiɗa da rawa, a ƙasar da Innar Gobir ke shugabancin bori a Tibiri, hankali girka zai tafi, iyaye da dama su janye. In an ce wasa, maigida ya ce ba wasa ya kawo shi asibiti ba, alhali wasan uwa da ɗa yana cikin ƙa'idojin jinyar tamowa mai tsanani, cutar da ta cika cibiyoyin Maraɗi a 2005.

A ganina wasan shaƙuwa ya fi dacewa. Yaro ya gina saniya da maraƙi da laka, ma'aikaciya ta lura wa zai fara nuna wa. Sunan yana gaya wa mai riƙon yaron cewa da ita za a yi aikin, don haka kada ta ajiye shi ta tafi kasuwa.