Silsilar Koyar da 'Yan Wasan Dandamali a Turai da Amurka

Tun kafin a san wata makaranta ta wasan kwaikwayo a ƙasashen Turai, wannan sana'a a bayan dandamali ake koyonta, yaro ya tashi cikin ayarin iyayensa yana ɗaukar kaya, yana kallon manya, har ranar da za a ce masa shiga. Haka 'yan barkwancin Italiya na ƙarni na 16 suka gaji Arlecchino, bara mai yunwa da wayo, da Pantalone, tsohon attajiri marowaci, kusan yadda ɗan kama a ƙasar Hausa yake ɗaukar sana'arsa daga ubangidansa. Ko da Faransa ta kafa gidan wasa na Comédie-Française a 1680, aka kuma buɗe makarantar RADA a Landan a 1904, galibin abin da ake koyarwa fasahar lafazi ce da ladabin tsayuwa.

Wanda ya juya al'amarin shi ne Jacques Copeau, marubuci mai sharhin wasanni, wanda ya buɗe gidan wasa na Vieux-Colombier a Faris a 1913, daga bisani ya haɗa shi da makaranta, domin ya lura cewa ɗan wasan zamaninsa ya iya rera baiti alhali jikinsa a sandare yake. Maganin da shi da abokiyar aikinsa Suzanne Bing suka samo yana da ban mamaki: sai su rufe fuskar almajiri, su hana shi magana, su ce ya nuna baƙin ciki ko tsoro, ta yadda tilas kafaɗa da gwiwa da numfashi su ɗauki aikin da gira da leɓe suka saba yi. A 1924 Copeau ya kwashi almajiransa ya tafi ƙauyukan Burgundy, suna wasa a dandalin kasuwa gaban manoma, waɗanda ba sa yi wa kowa dariya don kara.

Daga nan silsilar ta rabu gida biyu, kuma abin lura shi ne duka biyun ta hanyar dangi suka bi. Michel Saint-Denis, wanda Copeau kawunsa ne, ya kai wannan ɗariƙa Landan, ya jagoranci makarantar Old Vic daga 1947 zuwa 1952, sannan ya tsara manhajar sashen wasan kwaikwayo na makarantar Juilliard a New York, wanda shi da John Houseman suka kafa a 1968. Surukin Copeau kuwa, Jean Dasté, a hannunsa Jacques Lecoq ya fara. Lecoq ya yi shekara takwas a Italiya, inda shi da masassaƙi Amleto Sartori suka farfaɗo da fuskokin fata na 'yan barkwancin dā, kafin ya buɗe makarantarsa a Faris a 1956. A nan ne jan hancin nan na ɗan barkwanci ya zama darasi mai zaman kansa, kuma a ganina shi ne mafi wuya, domin ɗalibi zai tsaya shi kaɗai gaban 'yan'uwansa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa babu wanda ya dara, sai lokacin da kunya ta kama shi ya rasa abin yi ɗakin zai fashe da dariya.

Maganar ijaza kuwa, jami'o'in Amurka ne suka shigo da ita: Yale ta ba da digiri na biyu na farko a wannan fanni a 1931, sauran suka biyo sannu a hankali. A shekara ta 2000 Michael Kahn, wanda a lokacin yake shugabantar sashen Juilliard ɗin, ya haɗa kamfaninsa na wasannin Shakespeare da Jami'ar George Washington, suka buɗe kwas na shekara guda domin waɗanda suka riga suka goge a sana'ar, inda ake haɗa musu nazarin wazanin baiti da horon murya, da faɗan takobi, da wasa cikin rufaffiyar fuska.