Ramukan Da Kakanninmu Suka Bari A Baya

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihi, saboda abin da na gani da idona a hanyar Jos.

Kakana daga Damagaram ya zo, ya gudo wa harajin Faransa, ya faɗa aikin kuza kafin ya tara jarin da mahaifina yake juyawa yanzu a kasuwar Wunti. Kwanaki na raka Baba kai kaya Tilden Fulani a ƙaramar hukumar Toro, sai wasu samari suka ja ni gindin dutse na ga tsofaffin ramuka. Har na zura ƙafa a ɗaya, igiya ɗaure a kuguna, tocila a hannu. Ban yi nisa ba numfashina ya fara sarƙewa, ƙasa na zubo mini a ka. Na fito jikina na rawa. Baba ya dube ni ya ce, "Ramin da kakanka ya fita da kyar, shi za ka shiga da ƙafarka?"

Wannan magana ce ta sa na shiga tambaya da karatu.

Ashe haƙar ma'adini ba Bature ya koya mana ba. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takedda, yamma da duwatsun Azbin, ya tarar ana haƙo jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda, ana ciniki da shi kamar kuɗi, ana kai shi har Gobir da Borno. Masana sun ce kufan Azelik da ke Nijar shi ne wurin. A nan ɓangarenmu kuwa kuza ce. Mutanen Liruwen Kano, wato Ririwai, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suna narka ta tun kafin Turawa, fatake na ɗauka.

Irin wannan kuza Kamfanin Neja ya gani a kasuwa ya bi sawunta. Ya turo masu bincike a 1902, a 1903 kuma Laws ya iso, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Ba a jima ba sana'ar narkawa ta gargajiya ta mutu, masu ita suka koma lebura. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Jos. Sunan Bauchi aka sa masa, amma bai taɓa shigowa garin Bauchi ba, kuza ya zo ɗauka. An rufe layin a 1957.

Mafi ɗaci shi ne 1942, da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila. Aka shiga diban gwamna, ana kwaso talakawa daga lardunan Arewa a dole, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa, har zuwa 1944. Da farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, abin da ya rage na harkar ya durƙushe, aka bar mana ramuka da kududdufai.

To 'yan uwa, ga inda gizo ke saƙa. Rashin aiki ya sa ƙannenmu suna komawa waɗannan ramuka. Tsohon rami kuwa itacen tokarensa ya ruɓe, ruwa ya jiƙa bangonsa, iskar ƙasansa ba ta shaƙuwa, musamman da damina.

Ban ce kowa ya bar neman halal ba. Amma mu da muka zo cin arziki ƙasar nan, ya kamata mu san me aka biya kafin mu samu wurin zama. Duk mai tsoho a gida da ya yi zamanin bariki, ya zauna da shi ya ji labari tun yana raye. Duk mai ƙane kuma ya ja masa kunne.

Allah ya jiƙan magabatanmu.