Daga Ƙofar Ribaɗi zuwa Kalmar Sirri: Tarihin Neman Izinin Shiga a Ƙasar Wurno

Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi musu rahama, ya ga cewa faɗuwar Alkalawa, birnin Gobirawa, a shekarar 1808 ba ta kashe wutar yaƙi a kwarin Gulbin Rima ba, domin Gobirawa da waɗanda ke goya musu baya cikin Azbinawa ba su fasa kawo hari daga arewa da gabas ba, sai ya yi azamar kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, waɗanda malamai ke kira ribaɗi, inda jama'a za su zauna suna noma da karatu alhali suna tsaron daula dare da rana. Mafi girma cikinsu shi ne Wurno, wanda ya kafa wajen shekarar 1830, ya mayar da shi mazauninsa, a can kuma ya rasu a 1837, a can hubbarensa yake har yau. Cikin 'yan'uwan Wurno akwai Gandi, da Shinaka da ke ƙasar Goronyo a yanzu, da Rabah, garin ɗan Bello, Abubakar Atiku na Rabah, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877, kakan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello.

Rayuwar irin wannan gari kuwa a ƙofarsa take rataye, domin ganuwa, komai tsawonta da kaurinta, ba ta da amfani idan ƙofarta ta zama hanyar kowa da kowa. Saboda haka al'adar birane masu ganuwa a ƙasar Hausa ita ce a ɗora wa wani amintacce nauyin ƙofa, a rufe ƙyaure idan dare ya yi, a buɗe da asuba, baƙon da ya iso kuwa a tambaye shi inda ya fito da wanda ya zo wurinsa kafin ya sami masauki. Ta irin waɗannan ƙofofi Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya shiga Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, haka kuma Joseph Thomson, wakilin kamfanin Turawan Ingila, a 1885 zamanin Sarkin Musulmi Umaru, kuma dukansu biyu a matsayin baƙin Sarki suka zauna, ƙarƙashin izininsa da amanarsa.

Amma abin da ya fi cancantar lura shi ne, magabatanmu ba su ɗauki dukan ƙofofi a matsayi guda ba. Wanda ya wuce ƙofar gari ya iso gidan mutum zai tarar da zaure a buɗe yini guda, nan ake karɓar baƙi, nan almajirai ke karatu, nan masaƙi ko baduku ke sana'arsa, ba a tambayar kowa komai face sallama. Daga zaure zuwa shigifa sai wanda aka yi wa iso, cikin gida kuwa sai muharrami, turakar maigida da akwatin ajiyarsa kuma su ne ke da sakata da kwaɗo. Wannan tsari yana da asali a shari'a, domin aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, aya ta 58 kuma ta wajabta wa yara da masu hidima na cikin gidan kansa neman izini a lokuta uku, wato kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula, da bayan sallar isha'i. Ashe ke nan yarda da iyali, duk da girmanta, ba ta ɗauke hukuncin neman izini ba.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, yaƙin bakin iyaka ya kau, aka daina gyaran ganuwa, damina ta yi ta cin ta, garuruwa suka faɗaɗa har bayanta, mutane kuma suka saba da kwana ba tare da an rufe musu gari ba. Zaman lafiya ne ya buɗe waɗannan ƙofofi, kuma duk wanda ya ga abin da 'yan bindiga suka aikata a ƙauyukan Rabah da kasuwar Goronyo a shekarun nan ya san cewa aminci aro ne daga Allah, ba a tabbatar da dawwamarsa.

A wannan zamani wata sabuwar ƙofa ta shigo gidajen malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwar albasa da shinkafa na wannan yanki, ita ce kalmar sirri da kwamfuta ke nema idan an kunna ta. Asalinta daga Amurka ne, inda Fernando Corbató da abokan aikinsa na cibiyar MIT suka sa ta wajen shekarar 1961, saboda mutane da yawa na tarayya a na'ura guda kuma kowa na bukatar a tsare masa ajiyarsa. Da yawa daga masu kwamfutar gida a yau suna ganin wannan tambaya wahala ce marar sababi, sai su kai wa mai gyara ya cire ta, ko su da kansu su buɗe sashen netplwiz a Windows su umarci na'urar ta riƙe kalmar ta riƙa shigar da kanta. Yin hakan ba haramun ba ne, sai dai wajibi ne mai yinsa ya fahimci cewa daga ranar duk wanda ya danna maɓallin kunnawa ya shiga da sunansa, ya iske wasiƙunsa da hotunan iyalinsa da hanyar asusunsa na banki, har da sakamakon jarrabawar ɗalibai ko lissafin bashin mutane idan suna ciki, waɗanda amana ce ta wasu a hannunsa. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hukuncin da tarihin nan ke nunawa a fili yake. Kwamfutar tebur da ba ta barin ɗaki, wadda babu komai cikinta sai karatun yara da wa'azi, babu laifi a bar ta a buɗe kamar zaure. Wadda ake ɗauka a jaka zuwa kasuwa ko wurin cajin batir, ko wadda ke ɗauke da sirrin wani, ita kam turaka ce, cire mata kalmar sirri sakaci ne da amana. Mafi dacewa ga gidan da ake tarayya shi ne a buɗe wa iyali asusu na dabam marar ikon sauya komai, maigida ya bar nasa a kulle. Don haka, ya kai mai karatu, kafin ka cire wannan kalma ka bincika abin da ke cikin na'urarka da kuma wanda hannunsa zai iya kaiwa gare ta, sa'an nan ka yanke shawara, Allah ya tsare mana amanarmu.